Jar kujerar da ta ci mini albashin wata biyu

Ranar Asabar na miƙa wa Oga makullin sito, na ɗauki akwatin sifanuna da tef ɗin awo, muka yi sallama kamar ba komai. Ya ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin. Shekara shida na yi a garejin nan, huɗu daga ciki ni ke riƙe da ɓangaren kujeru da sitiyari. Tun da yaran da na bari suna ta tambayata ko da gaske maganar jar kujera ce ta kore ni, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Ba ita kaɗai ba ce, amma daga kanta aka fara.

Waɗanda suke wurin sun tuna motar: BMW E46 mai ƙofa biyu, baƙa, giyar hannu, an sauke ta ƙasa har sai an karkata ta kafin ta haye tudun ƙofar gareji. Mai ita saurayi ne ɗan manya, kakkaura, mai faɗin ƙugu, cikin masu fita ƙona taya ranar Lahadi da yamma a Abuja. Ya zo da hoto a waya, ya ce kujerar tsere da ake kira bokiti yake so, ja, irin wadda bayanta ba ya kwanciya, domin kujerar kamfani tana watsar da shi duk lokacin da ya juya mota. Gaskiyarsa ce. Aikin bokiti ke nan: ta kama ƙugu da haƙarƙari da kafaɗa, direba ya daina riƙe jikinsa da sitiyari a kwana. Sai dai a sito guda ɗaya muke da ita ja, ta daɗe tana shan ƙura, kuma 'yar siririya ce.

Na ja Oga gefe na ce, "Oga, anya wannan za ta ɗauke shi? Mutumin nan da jiki." Ya ce, "Kai dai ɗaura. Soso ne, zai buɗe." Na san soso yana laushi, amma ƙwaryar faiba da ke ƙarƙashinsa ba ta buɗewa ko da shekara goma aka yi ana zama. Na sani sarai, na yi shiru. Yaron ya zauna a kanta a ƙasa, cikin wandon jins da 'yar riga, ya ji ta matse shi, ya yi murmushi ya ce haka ake so. Duk gwajin bai kai minti biyar ba.

Nawa laifin ya zo wajen ɗaurawa. Irin wannan kujera ta gefe ake kama ta da ƙarfuna biyu masu jerin huda, gaba da baya, kai ne za ka zaɓi hudar da za ka sa noti. Na sa gaba a hudar sama, baya a ta can ƙasa, kujerar ta ɗaga baki kamar kwale-kwale. Dalilina biyu: ina so kansa ya yi nisa da rufi, kuma haka nake ganinta a hotunan motocin tsere, ta fi kyau a ido. Na shiga, na taka kuloci sau uku, na zagaya layi, na dawo na ce ta yi. Ni kuwa siriri ne, kuma na fi shi tsawon ƙafa.

Sati biyu bayan haka ya tafi ɗaurin aure Kano da motar. Tafiyar ta haura kilomita 400, ga aikin hanya, ana karkatar da motoci hannu ɗaya, a taka kuloci a saki, a taka a saki. Ya sa shadda mai sitati, ga babbar riga a kai. Wanda ya ƙera bokiti bai taɓa tunanin babbar riga ba. Duk yadin nan sai ya tattare a bayan mutum da gefensa, cikin wurin da dama bai ishe shi ba. Sannan aljihun kaftani a gefe yake, daidai inda bangon kujerar ke danna ƙugu, shi kuma ya zuba waya da makullai a ciki. Ya ce tun daga Jere ya fara gyara zama, babu wurin gyarawa. A Kaduna cinyarsa ta ɗauki zafi. Da ya tsaya salla a Zariya ya zuro ƙafar hagu waje, ta ƙi ɗaukarsa, ya durƙushe a gaban abokansa da masu tallan rake. A zaune ya yi azahar. Wani abokinsa ne ya ƙarasa da motar, shi ya koma kujerar bayan wata motar.

Da dare ya kira. Oga ya saki muryar wayar kowa na ji, yana "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, yaron nan ne bai iya ɗauri ba, ni kujera lafiyayya na ba ka." Ina tsaye a gabansa. Bai ko kalle ni ba. Yaron ya rantse ba zai ƙara zama a kanta ba, a zo a ɗauki motar. Washegari aka ba ni kuɗin mota zuwa Kano, daga baya aka cire shi a albashina tare da kuɗin kujerar da aka mayar masa. Wata biyu ban ga ko sisi ba, matata na da tsohon ciki.

Ban yafe wannan wayar ba har yau, ba zan yi ƙarya ba. Amma tuƙin da na yi daga Kano zuwa Abuja a cikin kujerar nan ya fi mini shekara uku da na yi ina kwance noti. Daga Kura zuwa Kwanar Ɗangora daɗi nake ji, har ina cewa a raina yaron nan shagwaɓa ce kawai. Kafin Zariya ƙasan cinyata ya fara ɗumi. Bakin kujerar da na ɗaga shi ne yake tokare cinya, duk taka kuloci sai na danna ta a kan wannan tudun kafin ƙafa ta kai ƙasa. Jini ba ya gudu yadda ya kamata, jijiya tana matse, ƙafa ta fara tsitsitsi kamar tururuwa na yawo a ciki, daga nan ta sage. Ɗuwawu kuma sun nutse a rami, kwankwaso ya lanƙwashe waje, babu abin da ya tallafe shi, domin bayan bokitin a miƙe yake kamar allo. A kujerar kamfani mutum yana motsi bai ma sani ba: ya karkata nan, ya jingina can, ya ɗan kwantar da baya idan ya gaji. Wannan ƙananan motsin su ne hutun jiki a doguwar tafiya, su ne kuma aka ƙera bokiti don ta hana. Ga soson bai fi kaurin yatsu biyu ba, ga motar an sa mata shokozoba masu tauri da siraran tayoyi, duk ramin da na faɗa tsakanin Kaduna da Katari a ƙashin bayana ya sauka. Gumi kuwa kada a yi magana, faiba ba ta shan iska, rigata ta manne kamar an jiƙa ta. A Tafa na tsaya, na fi minti goma ina dafe da mota kafin in iya takawa zuwa wurin mai shayi.

Abin da ban ji ba shi ne matsin ƙugu, ko kaɗan, saboda ni kujerar ta yi mini daidai a faɗi. A nan na raba laifin biyu. Tudun cinya nawa ne, na karɓa. Faɗin kujera na wanda ya ce soso zai buɗe ne. Da na dawo na kwance ta, na ɗaga rigarta na duba ƙwaryar, sai na ga na uku. Sunan wani babban kamfanin Japan ne aka ɗinka a jiki, amma babu lamba, babu takardar shaida, faibar wani wuri kauri wani wuri kamar faranti, idan ka kama kafaɗunta biyu ka murɗa sai ta bi hannunka. Jabu ce. Kujerar tsere ta gaske tana ɗauke da tambarin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, da lambar ƙa'idar da aka gwada ta a kai. Wadda aka fi gani ita ce 8855-1999, kuma shekara 5 ake yarda a yi gasa da kujera mai wannan lambar. Na nuna wa Oga. Ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Laifi tudu ne, in ji mutane. Na lura dai tudun ƙaramin ma'aikaci ya fi saurin hangowa.

Wanda ya gyara mini tunani shi ne Baba mai ɗinkin kujera da ke bayan layinmu, wanda ya yi shekaru yana yi wa direbobin haya na dogon zango soso. Na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, tela ya taɓa yanka maka yadi bai sa maka tef ba?" Washegari na sayi tef irin na teloli. Tun daga ranar ba na taɓa noti sai na auna mutum: faɗin ƙugu yana zaune, faɗin kafaɗa, tsawon cinya daga ɗuwawu zuwa bayan gwiwa. Kamfanonin kirki ma sun san jiki ba ɗaya ba ne, shi ya sa Sparco, mai ƙera kujerun tsere, ke fitar da samfurin Evo a girma daban-daban, har da L da XL. Bayan na ɗaura sai mutum ya taka kuloci ko birki har ƙasa, gwiwa da sauran lanƙwasa, cinya ba ta danne bakin kujera ba, yatsuna biyu ko uku su shige tsakanin bakin da bayan gwiwarsa. Ya miƙa hannu, tsintsiyar hannu ta hau saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta bar jingina ba. Sannan in tambaye shi abin da ban tambayi yaron nan ba: ina kake zuwa da motar? Idan ya ce Kaduna ko Kano ko Jos duk ƙarshen wata, sai in ce ya dawo da kayan da yake tafiya da su, har hula, ya zauna a ciki rabin awa ina aikina. Wasu suna jin haushi. Oga ya ce ina ɓata wa kwastoma lokaci, ina korar ciniki.

Ciniki kam na kora, ban musa ba. Mutum huɗu na tuna da suka zo neman bokiti na tura su ga kujerar wasanni mai kwanciya, wadda ribarta ba ta kai ta bokiti ba idan ta hannu ce. Ita tana da gefe mai riƙe jiki daidai gwargwado, bayanta yana motsi, wasu har bakin cinyarsu ana ja gaba. Mutanen da suka fara wannan sana'a ba wawaye ba ne. Recaro, mai ƙera kujerun mota, a Stuttgart ta Jamus ta samo asali, daga wani kamfani da aka kafa a 1906 wanda daga baya ya riƙa ƙera wa Porsche jikin mota, kuma kujerarsu ta wasanni ta farko ta fito a 1965 don motocin titi. Har kujerun masu ciwon baya suke yi, irin su Ergomed. Bokiti mai ƙwarya ɗaya ta filin tsere ce, inda mutum ke sa kwalkwali, ya yi zagayensa ya fito. A cikin huɗun nan babu wanda ya dawo da ƙorafi. Biyu sun bi ni da lambar waya tun kafin in bar wurin, abin da ya sa aka daina amsa gaisuwata da safe.

Sauran abubuwan da na tsinta ba su da dogon labari. A E46 makamin bel a jikin kujera yake, tare da na'urar da ke fizge bel lokacin karo, idan ka cire kujera ba ka mayar da shi yadda ya dace ba ka rage wa mutum kariya. A motoci irin Toyota 86 ta 2012 jakar iska ta gefe cikin kujerar take, cire kujera cire jaka ne, kuma ɗan abin da ake maƙalawa a wayar jakar don fitilar dashbod ta mutu fitilar kawai yake kashewa. A faɗa wa mai mota da baki, a gaban shaida. Kada a ɗaure bel ɗin tsere mai kafaɗa biyu a ƙasan mota bayan kujera, idan aka yi karo ƙasa zai danna kashin baya. Kada a bar mai walda ya ƙaga ƙafar kujera da guntun ƙarfen gado. Wanda matarsa ke shiga gaba da zani ko doguwar riga ya bar mata kujerar kamfani, hawa bangon bokiti da zani ba abin da za ta gode maka ba ne. Direba ya fitar da komai daga aljihun gefe, ya tsaya duk bayan awa biyu ya taka ƙasa, ko a kan wace kujera yake. Kuma idan mai gida ya ce ka ɗaura abin da ka san bai dace ba, ka sa ya maimaita a gaban wani, ko ka tura masa saƙo ya amsa a rubuce. Wannan na ƙarshen da kuɗina na saye shi.

Yaron nan ya dawo bayan wata uku, ba wurin Oga ba, wurina, aka nuna masa ni ina cin abinci a rumfa. Ya ce wanda ya kai masa motar ya faɗa masa yadda na sauko ina ɗingishi. Na mayar masa da kujerar kamfani irin ta wasanni da E46 ke zuwa da ita, mai bakin cinya da ake ja, Baba ya sake mata soso. Ya je Kano ya dawo ya kira ni, bai ce komai a kan kujera ba, sai hirar hanya. Kuɗin aikin ya shiga aljihun gareji.

Jar kujerar tana nan. An ɗaure ta a kan katako a ƙofar ofis, Oga yana zama a kai da yamma yana amsa waya. Na sha lura da agogo, ba ya cika minti ashirin sai ya miƙe yana dafe kwankwaso, ya ce a kawo masa benci.