Biron lokotoro

Talata. Zafi tun ƙarfe takwas. Na kai Inna awon hawan jini, muka share awa biyu a kan benci.

Muna zaune sai ga wani saurayi da kwat da jaka mai sheƙi, ya gaisa da mai tsaron ƙofa kamar ɗan gida, ya shige gabanmu. Lafiyarsa lau, delege ne, wakilin kamfanin magani. Da layi ya zo kanmu na ga sabuwar kalanda a bango, ga biro a hannun lokotoro, duka da sunan magani ɗaya. Sunan nan ne kuma ya sauka a takardar Inna.

A farmasi aka ce jika tara. Na tsaya ina juya takardar, ina lissafin cefanen da ban yi ba a Kasuwar Dole. Yarinyar da ke sayarwa ta rage murya: "Anti, akwai jenerik ɗinsa fa, wato irinsa mai sunan asali ba na kasuwa ba, duka amlodipine ne, miligiram 5. Jika ɗaya da rabi." Ban yarda na canza da kaina ba, na koma na tambayi lokotoro. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ba laifi, Hajiya, ɗaya ne."

Ɗaya ne. To me ya hana a rubuta shi tun farko?

Ba na zagin bawan Allahn nan, yana da haƙuri da Inna ƙwarai. Amma tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magungunan da suka zama dole, da sunansu na asali, ba na kasuwa ba. Bayan an karya darajar sefa a 1994 magani ya gagari talaka, shi ya sa aka rungumi jenerik a ƙasashenmu. Yau ga biro ɗaya yana neman rushe wannan duka. Ni dai da za a ji tawa, a tilasta rubuta sunan asali, a hana delege shiga lokacin ganin marasa lafiya, duk kyautar da kamfani ya ba ma'aikacin lafiya kuma a rubuta ta inda kowa zai gani.

A adaidaita Inna ta yi ta yi mini faɗa: "Ke dai ki riƙa sayen abin da aka rubuta, sun fi ki sani." Nan jikina ya yi sanyi. Wannan yardar tata ce ake ciniki a kanta. Na tuna Kano, 1996, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya sa yara wajen 200 a gwajin sabon maganinsa, Trovan. Iyayensu ma don sun yarda da masu ba da magani suka miƙa su.

Auta ta ƙona shinkafa. An ɗauke wuta bayan magariba.

Inna ta sha ƙwayarta ta yi barci a tsakar gida. Har yanzu tana ganin na sayo mata na banza.