Godiya ga duk wanda ya taimake mu a tafiyar Lagdo

Assalamu alaikum jama'a. Tun ran Lahadi nake son in rubuta wannan gajiya ta hana ni. Alhamdulillahi mun dawo Garwa lafiya, ni da Inna da yara da ƙanwata, kuma wallahi akwai mutanen da in ban gode musu a bainar jama'a ba ban kyauta ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san marigayi Baba masunci ne, yana cikin Hausawan da suka sauka Lagdo bayan da ƴan Sin suka gama baraj ɗin, wato madatsar ruwa, a kan kogin Binuwai a 1982, a ruwan nan ya ci da mu ya tufatar da mu. Tun rasuwarsa Inna ba ta sake taka kwale-kwale ba, kullum sai ta ce wata rana za a kai ta ta ga wajen, to bana Allah ya nufa.

Kawu, kai ne farko, kai ka biya mota ka nemo mana mai jirgi, Allah ya ƙara buɗi. Tafiya ta yi daɗi sosai, ruwa shimfiɗe kamar tabarma, duwatsu a gefe, yara na ta ihu sun hango dorina ta ɗago kai can nesa, Inna kuwa shiru ta yi ta sa hannu cikin ruwa tana nuna min inda Baba yake zuba kalli ya kamo giwan ruwa da karfasa. Ban taɓa jin ta yi maganarsa da dariya haka ba.

Sai da muka juyo bayan la'asar injin ya mutu. Yaron jirgin ya ja igiya ya ja har hannunsa ya gaji, esans wato fetur akwai amma ko tari injin bai yi ba, ga hadari ya haɗo daga gabas ga babu rezo a waya, ƙaramar ƴata ta fara kuka ni kaina salati kawai nake. Can sai ga wani dattijo cikin ƙaramin kwale-kwale, ya ɗinke buhunan shinkafa ya ɗaura a gora iska na tura shi, bai tambaye mu ko su waye ba ya jefo igiya ya ce ku ɗaura ku zauna tsakiya kar kowa ya miƙe. Haka iskar da muke tsoro ta ja mu a hankali har gaɓa, ana kiran magariba muna sauka.

Baba dattijo mai kwale-kwale, na miƙa maka kuɗi ka ƙi, ka ce ba a karɓar lada a kan ruwa. Allah ya saka maka da Aljanna, ya tsare ka da iyalinka. Matan bakin gaɓa da suka ba mu zani busasshe da shayi da soyayyen kifi, usoko, mun gode mun gode. Yaron jirgi ma ya yi ƙoƙari, kar kowa ya ga laifinsa.

Dan Allah mutanen Lagdo duk wanda ya gane dattijon nan, dogo ne mai farin gemu jirginsa shuɗi, ya yi min magana ta inbos. Inna ta ajiye masa goro da turmin atamfa na iyalinsa, ta ce da hannunta take son ba shi.