Sandar fatsar da na auna da jakata

Ragowar sandar tana nan a bayan ƙofar ɗakina. Maiɗakina ta sha cewa in bai wa yara su yi wasa da ita ko in jefar, na ƙi. Duk ranar da idona ya faɗa kan bakin karayar nan mai tsini-tsini sai raina ya sosu kamar jiya abin ya faru, don har yau ban sake ganin kifi kamar wanda ya tafi da kanta ba.

A Wudil na tashi, kuma fatsarmu ta yarinta gora ce da zare da ƙugiya, sai totuwar kara da ke nuna maka kifi ya taɓa. Da aiki ya kawo ni Kano sai Tiga ta zama wurin hutuna na ƙarshen mako. Dam ɗin da aka gama a 1974, zamanin Audu Bako, ruwa ne mai faɗi da zurfi, ba irin gaɓar da muka saba tsoma ƙafa a cikinta ba. A babur nake zuwa, in bi titin Zariya, in wuce Kura, in ratse ta wajen Bagauda. Wanda ya taɓa ɗaura gora mai tsawon mita uku da wani abu a babur ya hau wannan titin, tirela na wuce shi iska na kaɗa gorar, ya san abin da ya sa na ce sai na nemi sandar da ke naɗewa.

A nan na yi kuskuren. Kafin in fita kasuwa na ari tef ɗin awo wajen telan unguwarmu na auna zurfin jakar goyona: santimita 48. Da wannan lambar kaɗai na shiga shago. Ban tafi da tunanin kifin Tiga ba, ban tafi da nauyin darmar da nake jefawa ba, jakata kawai na sa a gaba.

Mai shagon bai cuce ni ba, gaskiya ɗaya ce. Sanduna uku ya shimfiɗa mini a kan kanta. Ɗaya mai gaɓa huɗu ce da ake harhaɗawa, mita 2.4, in an kwance ta tana kai santimita 65. Ta biyu irin mai zugewa ce kamar eriyar rediyo, kakkaura, ita ma ta haura santimita 60 a naɗe. Ta ukun ita ce ta tafi da hankalina: mita 2.7 in an zuge ta, amma in ta koma ciki santimita 43 kacal, gaɓa takwas. Na zura ta a jaka ta nutse, na ja zif ya rufe. Har ya ce mini, "Alhaji, wane irin kifi za ka kama da ita?" Na ce kowane iri Allah ya kawo. Na biya na fito ina murna.

A jikinta kusa da mariƙi an rubuta 5-20g. Na ga rubutun da idona, na ɗauka lambar kamfani ce. Ashe nauyin da aka yi ta don ta jefa ke nan, darma da koto a haɗe, daga giram 5 zuwa 20. Ni kuwa darmar da nake ɗaurawa ta kusa giram 50, saboda ina son in kai can inda ruwan ya yi duhu, ga iskar Tiga da ke dawo wa mutum da ƙaramar darma. Zaren da na naɗa a ril ɗin kuma, wato abin naɗe zare da ake ɗaurawa a jikin sandar, mai kaurin milimita 0.50 ne, wanda kwalinsa ya ce yana ɗaukar wajen kilo 15. Sannan na murɗe makunnin da ke saman ril, wanda ke sakin zare in kifi ya ja da ƙarfi, na ɗaure shi tamau. Dabi'ar gora ce ta bi ni: kifi ya ci, ka fizge shi ya faɗo tudu.

Makonnin farko karfasa nake ta kamawa, babu abin faɗa.

Ranar da abin ya faru damina ta ɗauke ke nan, dam ya cika ya batse. Bayan la'asar na koma gindin wasu duwatsu inda gaɓar ta yi tsaye, na soka ɗan ƙaramin kifi a ƙugiya na jefa. Na fi rabin awa ba motsi. Can sai kan sandar ya duƙa sau biyu a hankali, ya tsaya, sannan ya sunkuya gaba ɗaya kamar an rataya masa bokiti. Na riƙe da hannu biyu. Zaren ya yi tsaye yana yanka ruwa zuwa dama, ina jin bugun kan kifin yana taho mini har gwiwar hannu. Na yi ta murɗa ril da ƙarfin tsiya, ban sakar masa ko taƙi ɗaya ba. Ya taso kusa, bai fi taku huɗu daga dutsen da nake tsaye ba, ya juya gefensa. Ragon ruwa ne. Na ga farin cikinsa yana ƙyalli, na ga dogayen gashin bakinsa sun kwanta baya, kaurin wuyansa ya kai cinyar ɗan yaro. Zumuɗi ya ɗebe ni na ɗaga sandar sama tsaye cak don in jawo shi gindin dutsen.

Ƙas! Ƙarar ba ta fi ta karan dawa ba in an taka shi. Gaɓa ta biyu daga sama ce ta tafi. Kan sandar da zobbansa biyu ya zame a jikin zaren ya gangara cikin ruwa ya bi kifin. Na ci gaba da riƙo da guntun da ya rage, amma zaren yana gogar bakin karayar, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Shi ke nan.

Na daɗe a tsaye. Wani dattijo masunci da ke gyaran kallinsa a jikin kwale-kwale ya taso ya zo.

"Sannu Malam. Na ga abin da ya faru."

"Yauwa Baba. Wallahi ya zo hannu."

Ya karɓi guntun ya jujjuya, ya ja zaren ya murza shi tsakanin yatsunsa da suka yi kanta, ya gwada jan sa daga ril ɗin ya ji ko motsi ba ya yi.

"Wannan ai zaren mamari ne ka sa wa tsinke. Zarenka ya fi sandarka ƙarfi, ka kuma hana shi tafiya. Dole ɗaya ya ba da kai. Babban kifi ba a ja-in-ja da shi, Malam, gajiyar da shi ake yi. Ko da gora ce, in ya ja sai ka bi shi a gaɓa."

Ban iya ce masa komai ba sai godiya. A hanyar dawowa, tun daga Tiga har fitilun Kano, maganar nan nake juyawa.

Da na zauna da guntun a gida na zazzage gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da gajartar nan ta ci mini. Kafin sanda mai mita 2.7 ta koma santimita 43, sai an yanka ta gida takwas, kuma kowane gida sai ya shige cikin na ƙasansa. Ke nan bangon kowace gaɓa siriri ne, ta can sama kuwa ba ta fi tsinken ashana kauri ba. Kowace mahaɗa wuri ne da lanƙwasa ke tsayawa ta taru. Zobban da zare ke bi ma kusan ɗaya ne a bakin kowace gaɓa, sun yi nisa da juna, don haka nauyin kifi bai bazu a jikin sandar ba, a wurare ƙalilan yake sauka. Ga shi na shafe makonni ina wulla mata darmar da ta ninka ƙarfinta fiye da sau biyu. Akwai kuma wani abu da sai a lokacin na tuna. Ina ajiye ta a kan yashi in zan canza koto, yashin ya shiga mahaɗa, gaɓoɓi su cije. In zan tashi, sai in doka gindinta a dutse ko in danna kanta da tafin hannu don ta koma. Da na haska cikin gaɓar da ta karye da tocilan, duk ta yi zane-zanen karcewa. Ina kyautata zaton tsagewar ta fara tun kafin ragon ruwan nan ya zo, shi dai ya ƙarasa ta ne, ni kuma na taimaka masa da na miƙe ta sama. Sanda in ta yi tsaye kifi na ƙarƙashin ƙafarka, duk nauyin a kan siririn kan nan yake ƙarewa, kakkauran gindin da aka yi don wannan aikin yana hutawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafin da na yi daga baya. Tsakanin wadda na saya da mai gaɓa huɗun da na bari a kan kanta, santimita 22 ne. Taƙi guda. Don kada taƙi guda ya leƙo daga bakin jakata na rasa kifin nan.

Da na koma saye na biyu ban ɗauki tef ba. Darmata na zuba a aljihu, na tafi da ril ɗina. Abu na farko da na duba shi ne rubutun jikin mariƙi, na tsaya a kan mai 20-60g. Na harhaɗa ta a cikin shagon, na ɗaura ril, na zura zare ta duk zobban, na ce wa yaron shagon ya riƙe bakin zaren ya ja ƙasa ni kuma ina ɗagawa a hankali. Ina son in ga lanƙwasar ta tafi sumul daga kai zuwa tsakiya, ba ta yi gwiwa a wata mahaɗa ba. Na bi cikin zobban da farce ko akwai tsaga, don zobe mai tsaga yana cin zare a ɓoye. Mai gaɓa huɗun nan dai na ɗauka, irin wadda na raina da farko. Tana da kwaroronta mai tauri, ina soka shi a jaka ya leƙo sama ta bayan kafaɗata, kuma tun daga lokacin bai taɓa hana ni tuƙi ba ko sau ɗaya.

Mai shagon ya so in ɗauki wadda aka ƙera da zaren kabon zalla. Ba ta da nauyi, kuma ko kifi ya shinshina koto za ka ji a hannunka. Amma kabon ba ya son bugu, ƙaramin ƙwanƙwasa a dutse ko a ƙarfen babur yana iya barin rauni da ba a gani sai ranar da aka matsa masa. Ta faiba, wato zaren gilashi, ta fi nauyi, ta fi kasala a hannu, amma tana jure wahala. Ga mai hawa babur a hanyar da ke da ramuka, wadda aka haɗa biyun ta fi kwanciyar hankali, ita na zaɓa. Wanda ya sayi mai kabon kuma ya sani tana ɗaukar wutar lantarki: kada ya ɗaga ta a ƙarƙashin wayoyin wuta, in hadari ya haɗo ana walƙiya ya kwantar da ita ya bar bakin ruwa.

Zaren na sauke zuwa milimita 0.30, mai ɗaukar kilo shida zuwa bakwai. Da farko hankalina bai kwanta ba, gani nake kamar gashi ne. Makunnin ril ɗin kuma yanzu da gorar ruwa nake saita shi: in ɗaura mai lita ɗaya da rabi a bakin zare, in sassauta har sai ta fara jan zaren a hankali da nauyinta. Kilo ɗaya da rabi ke nan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Da haka na saita shi ran nan, ko da waccan siririyar sandar ce, wataƙila da labarin ya canza. Wannan "wataƙila" ɗin ne ke hana ni barci wani lokaci.

Ba na zagin mai zugewa gaba ɗaya. Ga karfasa da ƙananan kifi a bakin gaɓa, ko ga yaro mai koyo, tana da daɗin sha'ani: zare na jikinta, ka zuge ka jefa cikin minti ɗaya. Wani abokin tafiyata yana da kakkaura mai gaɓa biyar, ya daɗe da ita yana ciro tarwaɗa. Amma shi daga kai yake fara zuge ta, ya daidaita zobba a layi ɗaya, in zai rufe ya fara daga gindi yana ɗan murɗawa, ba ya taɓa ajiye ta a yashi, kuma in ya koma gida sai ya goge kowace gaɓa ya bar ta ta sha iska, musamman da hunturu in ƙura ta yi yawa. Ni babu ɗaya da na yi a cikin waɗannan. Mai harhaɗawar ma tana da nata halin: mahaɗarta na sassautawa in an yi ta jifa, sai ana dubawa ana matsewa, ina kuma ɗan goga mata kyandir don kada ta cije.

Wata biyu bayan nan sabuwar sandar ta ciro mini tarwaɗa mai kilo uku da ɗoriya. Ril ya yi ta kuka yana sakin zare, na bar ta ta yi gudunta sau uku, sandar a karkace ban miƙe ta ba, har ta gaji ta kwanta a gefen dutse na sa hannu na ɗauko. Na ji daɗi ƙwarai. Baba masunci yana wurin, ya ɗaga ta ya jinjina ya ce, "Ka ga ni ko, Malam?" Na tambaye shi ko wani a cikinsu ya taɓa ciro ragon ruwa da ƙugiya a baki da guntun zare na jan sa. Ya ce bai ji ba. Har yanzu duk ranar da na je Tiga, jifana na farko a gindin duwatsun nan nake yin sa.