Barbarar sha'ir da ɗan uwansa na daji: inda CENH3 ke yanke hukunci

Mun ɗauki sha'ir na gona a matsayin uwa, muka cire sassan namiji na furensa kafin su fashe, sannan muka barbaɗa masa garin furen Hordeum bulbosum, ɗan uwansa na daji mai kuromosom 14 (kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta). Burinmu shi ne mu sami tsiro mai kuromosom bakwai na sha'ir kaɗai. Washegari muka fesa wa zangarniyar sinadarin GA3 mai sa tsiro girma, miligiram 75 a lita ɗaya, don kada ƙwayar ta bushe. Hanya ce tsohuwa, tun 1970 masana Kasha da Kao suka fito da ita a Kanada.

Ɗan tayin da ke cikin ƙwayar yakan fara da kuromosom bakwai na uwa, bakwai na uba. Cikin kwana 5 zuwa 9 na uban kan zube. Idan ka duba ta madubin ƙara girma lokacin rabuwar ƙwayar halitta, za ka ga wasu kuromosom sun tsaya cirko-cirko a tsakiya, 'yan uwansu sun wuce gefe biyu. Daga baya sai su dunƙule su zama 'yan ɗigo a wajen cibiyar ƙwayar, su narke. Da muka rina furotin CENH3, wanda ke zaune a ƙugun kuromosom inda zaren ja ke kamawa, na sha'ir sun haska, waɗanda aka bari a baya kuwa ƙugunsu duhu. Hakan ya yi daidai da binciken da IPK, cibiyar nazarin tsirrai ta Jamus, ta yi a 2011.

Rinin nan ne ya fi ba mu wahala. Karon farko mun jiƙa 'yan tayin a haɗin barasa da asid na asetik, yadda aka saba wajen ƙirgar kuromosom, sai furotin ɗin ya lalace, ko ɗigo bai haska ba. Sai da muka koma sinadarin farafomaldehaid kashi 4 cikin ɗari aka dace.

Zafin ɗaki ma ba abin wasa ba ne. Sama da digiri 18 kuromosom na uban ke zubewa. Ƙasa da haka sukan zauna, ka tashi da ruwa-biyu, alhali tsiro mai kuromosom bakwai kake nema. Haka in ka kuskura ka ɗauko bulbosum mai kuromosom 28.

Wajen mako biyu bayan barbara dole a ciro ɗan tayin a ɗora kan abincin kwalba, don ƙwayar ruwa ce zalla, babu gari. Tsiron da ya fito ana ninka kuromosom ɗinsa da sinadarin kolcisin, in ba haka ba ba zai yi ƙwaya ba.