Abin da Aikin Hasashen Kasuwar Iskar Gas a Afirka ta Yamma Ya Koya Mini

A shekarun da na yi a sashen tsare-tsare na wani kamfanin makamashi, babban aikina shi ne rubuta hasashen yawan iskar gas ɗin da za a samar da wadda za a saya a Najeriya da ƙasashen da bututunta ke kaiwa, wato Binin da Togo da Gana. Duk wanda ya shigo wannan aiki yakan fara ne da alƙaluma biyu masu daɗin ji. Na farko shi ne cewa Najeriya tana da ajiyar gas a ƙarƙashin ƙasa da ta haura kubik fit tiriliyan 200, wadda babu kamarta a Afirka. Na biyu shi ne cewa akwai mutane sama da miliyan 200 a ƙasar da ke fama da ƙarancin wutar lantarki, ga kuma maƙwabta da ke cikin irin wannan hali. Idan aka ɗora waɗannan biyu a kan takarda, sai a ga kamar kasuwa ta riga ta haɗu, saura kawai a ja layi mai hawa sama. Abin da aikin ya koya mini a hankali shi ne cewa babu ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan biyu da ya kamata ya zama tushen hasashe, domin gas ɗin da ke shiga lissafi shi ne wanda aka haƙo, aka tace, aka samu bututun da zai ɗauke shi, aka kuma samu mai saye da ke biyan kuɗinsa a kan lokaci.

Na fi daɗewa a kan ɓangaren buƙata, kuma a nan ne na ga hasashe ya fi yawan kaucewa. Tashoshin wutar lantarki su ne manyan masu sayen gas a cikin gida, kuma hanya mafi sauƙi ta lissafa buƙatarsu ita ce a ɗauki ƙarfin injinan da aka girka, wanda ya kai wajen megawat 13,000 a faɗin ƙasar idan aka haɗa da na ruwa, a juya shi zuwa adadin gas. Amma wutar da ke isa ga babban layin ƙasa ta daɗe tana kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tazarar da ke tsakani ba rashin gas kaɗai ke jawo ta ba. Akwai injinan da suka lalace ba a gyara ba, akwai layukan dakon wuta da ba za su iya ɗaukar ƙari ba, sannan akwai matsalar da ta fi kowace nauyi, wato kuɗi. Tun bayan sayar da kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, tsarin biyan kuɗi ya zama sarƙa mai tsawo: mai amfani da wuta yana biyan ɗaya daga cikin kamfanonin rarrabawa 11, su kuma su biya kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, shi kuma ya biya masu samar da wutar, sannan su biya mai gas. Mai gas ne na ƙarshe a layi, kuma a kowane mataki wani kaso na kuɗin yana zubewa. A farkon 2024, lokacin da wuta ta yi ƙaranci sosai, Ministan Wutar Lantarki Adebayo Adelabu ya bayyana cewa kamfanonin gas suna bin bashin da ya kai dala biliyan 1.3. Kamfanin da ake riƙe wa irin wannan kuɗi ba zai haƙa sabuwar rijiya saboda kasuwar gida ba, komai yawan tashoshin da ke jiran gas.

Saboda haka na koma rubuta alƙaluma uku ga kowace tasha maimakon ɗaya: abin da za ta iya sha idan duk injinanta suna aiki, abin da layukan wuta za su bari ta sha, da abin da tarihin biyanta ya nuna za ta iya saye. Na ukun shi ne kusan kullum mafi ƙanƙanta, kuma shi ne ya fi kusantar abin da mita ke nunawa a ƙarshen shekara. Shugabanni ba sa son ganinsa, domin yana rage girman kasuwa a idon masu zuba jari, amma na gamsu cewa ɓoye shi zalunci ne ga wanda zai sa dukiyarsa bisa amincewa da rahoton.

Farashi ma yana da nasa tarko. Ana ƙayyade farashin gas na cikin gida da dalar Amurka, kuma tun bayan Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 hukumar NMDPRA, mai sa ido kan dako da sarrafawa da sayar da man fetur da gas, ce ke sanar da shi. A watan Afrilun 2024 ta ɗaga farashin da tashoshin wuta ke biya daga dala 2.18 zuwa dala 2.42 a kan ma'aunin ƙarfin zafin gas da 'yan kasuwar ke kira MMBtu. Ƙarin bai da yawa idan aka dube shi da dala. Sai dai tashar da ke sayen gas da dala tana sayar da wutarta da naira, ita kuma naira ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Hasashen da bai sa canjin kuɗi a cikinsa ba zai nuna cewa buƙata tana nan daram, alhali ikon saye ya riga ya rushe. Ƙarin kuɗin wutar da aka yi wa masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin samun wuta mafi yawan awoyi a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit a cikin wannan watan na Afrilu yunƙuri ne na toshe wannan gibi, ko da yake ya zo wa jama'a da masana'antu da zafi ƙwarai.

A ɓangaren samarwa, darasin da ya fi zama mini shi ne cewa kaso mai yawa na gas ɗin Najeriya yana fitowa ne tare da ɗanyen mai daga rijiya ɗaya, don haka makomarsa a ɗaure take da ta man. A shekarar 2022, lokacin da satar mai da fasa bututu a yankin Neja Delta suka sa haƙar ɗanyen mai ta sauka ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a watannin Agusta da Satumba, rijiyoyin da aka rufe sun tafi da gas ɗinsu. A watan Oktoban wannan shekara ambaliya ta sa kamfanin NLNG da ke Bonny, mai sanyaya gas ya koma ruwa don fitarwa ƙasashen waje, ya sanar da abokan cinikinsa cewa ba zai iya cika alƙawuran da ya ɗauka ba. Wannan ya faru ne daidai lokacin da Turai ke neman gas ido rufe saboda yaƙin Rasha da Yukren, har farashi a can ya haura yuro 300 a kan megawat-awa ɗaya a watan Agusta. Kasuwa ta buɗe irin buɗewar da ba a taɓa gani ba, amma masana'antar NLNG da za ta iya sarrafa tan miliyan 22 a shekara ba ta samu isasshen gas ba. Tun daga lokacin ba na karanta rahoton samar da gas ba tare da na buɗe na ɗanyen mai a gefensa ba.

Akwai kuma wani abu na ɗabi'ar kayan kansa da sabon shiga yakan manta. Iskar gas ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira bazara farashi ya tashi. Ƙasashen Turai da Amurka suna da manyan wuraren ajiya a ƙarƙashin ƙasa da suke cikawa kafin hunturu, amma a yankinmu babu irinsu, sai ɗan abin da ke matse a cikin bututun kansa. Ke nan dole samarwa da sha su daidaita kusan kullum, kuma matsakaicin lissafi na shekara yana ɓoye ranakun da kasuwa ta tsaya cak. A watan Janairun 2018 gobara ta kama bututun Escravos zuwa Legas a kusa da Okada ta Jihar Edo, nan take tashoshi irin su Egbin suka rasa gas, babban layin wuta na ƙasa ya faɗi. Yanayi ma yana juya lissafin: a lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, buƙatar wuta tana hawa yayin da ruwan madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ke ja baya, su kuma injinan gas ƙarfinsu yana raguwa idan iska ta yi zafi. Da damina ta nutsa sai madatsun su cika, a rage abin da ake karɓa daga tashoshin gas.

Babu inda na ga waɗannan darussa sun taru wuri ɗaya kamar a Bututun Gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ya bi ta ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema ta Gana. Ya fara aikin kasuwanci a 2011, bisa zaton cewa Gana za ta riƙa samun kimanin kubik fit miliyan 120 a rana. Shekaru da dama abin da ke isowa bai kai haka ba. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun a gaɓar Lome, aka shafe kusan shekara guda babu gas, wanda hakan ya ƙara tsananta ɗauke wutar da mutanen Gana suka sa wa suna dumsor. Bayan an gyara, bashi ya taru a kan Gana har aka yi barazanar rufe famfo a 2015. Gana ta ɗauki darasi ta koma ga gas ɗinta: masana'antar tace gas ta Atuabo ta fara aiki, sannan filin Sankofa ya fara bayarwa a 2018. Amma a nan sai hasashe ya kauce ta ɗaya gefen. An sa hannu a yarjejeniyoyin da suka wajabta biya ko an ɗauki gas ko ba a ɗauka ba, gas ɗin yana yamma a yankin Takoradi, manyan masu sha kuma suna gabas a Tema, har sai da aka gyara bututun a 2019 ya koma iya tura gas daga yamma zuwa gabas, akasin yadda aka tsara shi tun farko. A wannan shekarar gwamnatin Gana da bakinta ta ce tana fuskantar biyan ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan wuta da gas ɗin da ba ta amfani da su. Ƙasa ɗaya, cikin shekaru bakwai, ta ɗanɗana kuɗar hasashen da ya zuzuta samarwa da kuma na wanda ya zuzuta buƙata, kuma talakan da ke biyan haraji ne ya ɗauki nauyin duka biyun.

Wannan tarihi ne nake tunawa duk lokacin da aka tambaye ni game da bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Ina son wannan aiki ya yi nasara da zuciya ɗaya, domin na san abin da tsadar makamashi ta yi wa masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Amma son abu ba ya halatta ƙara alƙaluma. An sha ɗage ranar kammala shi, kamar yadda aka sha ɗage ta bututun OB3 da zai haɗa gas ɗin gabashin Neja Delta da na yamma, wanda tsallaka Kogin Neja ya riƙe shi shekaru. A aikina na daina ɗaukar ranar da aka sanar a matsayin ranar fara aiki. Nakan rubuta hasashe uku, ɗaya idan an gama a kan lokaci, ɗaya idan an makara, ɗaya kuma idan an gama amma masu saye ba su shirya ba, sannan in bayyana a fili zaton da kowanne ya dogara a kai, domin mai karatu ya san wanne ne zai jefar idan al'amura suka sauya. Haka nake yi wa maganar bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya da wanda aka ce zai kai Maroko: ina ambaton su, amma ba na sa gas ɗinsu cikin lissafin shekaru masu zuwa kusa.

Hasashe na ukun, wato a gama bututun Kano amma masu saye ba su shirya ba, shi ne ya fi damuna game da Arewa. Babban bututu yana tsayawa ne a bakin gari, kuma kafin gas ya isa tukunyar wata masana'anta a Sharaɗa sai an shimfiɗa ƙananan bututu, an sauya injina daga dizal ko baƙin mai, an kuma samu bankin da zai tsaya wa mai masana'antar a yarjejeniyar shekaru. Tashoshin wutar da aka tsara a Abuja da Kaduna da Kano za su shiga sarƙar biyan kuɗin nan da na bayyana, kuma za su dogara da layukan dakon wuta irin waɗanda lalacewarsu ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki a watan Oktoban 2024. Alamar da na fi yarda da ita wajen auna buƙata ta gaskiya ita ce abin da mutane suka riga suke biya da tsada. Tashar gaggawa ta Maiduguri mai megawat 50, wadda aka buɗe a 2023, tana aiki ne da gas ɗin da aka sanyaya ya koma ruwa, ana dakonsa a tankoki tun daga Jihar Ribas. Wasu masana'antu a Kano da Kaduna su ma ta mota suke karɓar nasu, ga kuma masu ababen hawa da suka fara komawa gas bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Waɗannan masu saye ne da ke da rasit a hannu. Daga adadinsu nake fara lissafin kasuwar Kano, sannan in ƙara masana'antun da ke ƙona dizal a yau waɗanda sauƙin farashi zai jawo su, in ware waɗanda aka rufe tun shekaru ashirin a wani shafi dabam har sai an ga mai jari ya dawo da injina cikinsu.