Abin da Masu Gigin Tsufa Suka Koya Mini a Ɗakin Jinya

A shekarata ta farko a ɗakin jinyar mata an kwantar da wata dattijuwa wadda ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma iyalanta suka ce tun kafin wannan ciwo ta daɗe tana fama da gigin tsufa. Kullum da la'asar sakaliya sai ta shiga laluben mayafinta da hannun da ke motsi, tana roƙon a bar ta ta tafi gida, domin Malam ya kusa dawowa daga kasuwa, ga shi ba ta ɗora tuwo ba. Malam kuwa ya daɗe da rasuwa. Da yake ina ganin faɗin gaskiya shi ne gaba da komai, sai na durƙusa a gabanta na ce, "Hajiya, ai Malam ya riga mu gidan gaskiya, sai dai addu'a." Ta yi salati, ta fashe da kuka irin na matar da aka kawo wa labarin mutuwar mijinta yanzun nan, domin a wurinta yanzun ne aka kawo shi. Washegari ta manta da maganar gaba ɗaya, amma da ta hango ni sai ta kawar da kai, ta ƙi karɓar magani daga hannuna.

A ranar na fahimci cewa abin da ya faru yana gogewa daga ƙwaƙwalwar mai wannan cuta, amma zafin da ya bari a zuciya yakan daɗe bai tafi ba. Wata babbar ma'aikaciyar jinya ce ta nuna mini hanya. Ba ta yi wa Hajiya ƙarya ba, ba ta kuma yi musu da ita ba. Ta zauna a bakin gado ta tambaye ta, "Hajiya, wace miya Malam ya fi so?" Daga nan ta ɗora mata faifai a cinya da ɗan wake ta ce ta taya ta tsincewa. Hajiya ta yi ta ba da labarin miyar kuka da man shanu har aka kira magariba, hankalinta a kwance. Damuwarta ita ce kada ta gaza a aikin da ta yi shekaru tana yi, kuma wannan damuwar aka amsa.

A makaranta an koya mana cewa likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906 cutar da ake kira da sunansa, wadda wani nau'i ne na gigin tsufa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke da cutar mantuwa, wato gigin tsufa, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki. Wani nau'in nata yana biyo bayan lalacewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa, abin da hawan jinin da ba a kula da shi ba yake jawowa. Wannan sani yana da amfani ƙwarai a wajenmu, inda har yanzu ake jingina ruɗewar tsoho ga aljanu ko sammu, wani lokaci ma a jefi tsohuwa da maita don ta fita da dare tana sambatu. Alƙur'ani kansa, a aya ta 70 ta Suratun Nahli, ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin rayuwa har ya kasance bai san komai ba bayan ya sani.

Abin da ya fi yi mini wuyar gyarawa shi ne ɗabi'ata ta yin magana da iyalai a kan mara lafiya alhali yana zaune, kamar ba ya nan. Tom Kitwood na Jami'ar Bradford a Ingila, masani kan kula da masu gigin tsufa, ya nuna cewa irin wannan mu'amala, da mayar da babba yaro, da hanzarta shi fiye da ƙarfinsa, suna ƙara durƙusar da mutum bayan ɓarnar da cutar ta yi. Yanzu nakan yi sallama, in faɗi ko ni wace ce ko da sau goma ne a yini, in nemi izini kafin in taɓa jiki. Wajen wanka nakan ja labule, in bar zane a kan duk inda ba a wankewa a lokacin, domin kunya tana nan daram ko bayan sunayen 'ya'ya sun ɓace. Idan kuma ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya, nakan fara neman zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko taurin bayan gida, ko wani zafi da ba a iya faɗa ba.

Iyalai ma nakan roƙe su su daina jarraba tsofaffinsu. 'Yar Hajiya takan shigo ta ce, "Iya, kin gane ni? Wace ce ni?" sai tsohuwar ta sunkuyar da kai cikin jin nauyi. Na shawarce ta ta riƙa cewa, "Iya, ni ce autarki, na zo gaishe ki." Ranar da aka sallame su na same su a kan gado suna karanta Fatiha tare, Hajiya tana gaba, ba ta tsallake ko aya ɗaya ba.