Abin da barimar tarakta ta koya min a aikin shinge

Kafin in fara aiki a gonar nan ban taɓa sanin tarakta tana haƙa rami ba, ni dai sanina da ita huɗa da haro da jan tirela, shikenan. Sai shekarar da Alhaji mai gonar ya ce shi fa ya gaji da rigimar shanu duk kaka, zai zagaye ta da waya mai ƙaya, kuma yana so ya sa mangwaro a ɓangaren da ke kusa da fadama. Gonar hekta 10 ce, tsawo mita 400 faɗi 250, in ka zagaye ta ka yi tafiyar mita 1,300 kenan, kuma ana so a kafa turke duk bayan mita 3. Ku lissafa ku gani, rami sama da 430 ban da na bishiyoyi. Duk wanda ya taɓa riƙe dagi a watan Maris a kan fako ya san me wannan lissafin yake nufi, tafin hannu ya yi bororo ya fashe kafin azahar, rami bai kai gwiwa ba.

Toh shi ne aka kawo injin. Ba wani abu ne mai rikitarwa ba, wani ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, a ƙarshensa akwatin giya, a ƙarƙashin akwatin kuma doguwar barima mai murɗi irin na sukuru, da tsini a bakinta da haƙora a gefe da ake iya kwancewa a sa sabbi. Ana ɗaura shi a hannuwan nan uku na bayan tarakta inda ake ɗaura garma da haro, sai a jona masa shaf, wata doguwar sandar ƙarfe mai juyawa, daga fitiyo, wato ɗan guntun ƙarfen nan mai tsaga 6 da ke juyawa a bayan tarakta, shi ke ba akwatin giya ƙarfi, akwatin ya rage gudun ya juya barima. Barima biyu muka samu, mai inci 9 ta turaku da mai inci 18 ta bishiya. Taraktar kuwa Massey Ferguson 375 ce, irin jajayen nan da ake haɗawa a Pakistan masu ƙarfin doki 75 da suka cika Arewa. Ni a lokacin yaron mota ne, maigidana wani dattijo ne da kowa a gonar ke kira Baba, ya fi shekara talatin a kan tarakta.

Ranar farko ta wajen fadama muka fara inda ƙasa ke da laima, wallahi kafin ka gama shan ruwan leda rami ya kai ƙugu, bakinsa a zagaye tsaf, ƙasa ta taru a gefe. Mutanen ƙauye suka zo kallo. Ni a raina na ce kwana uku mun gama.

Da muka hau tudu ne labari ya canja. Ƙasar wajen fako ce da marmara a ƙarƙashi, barima ta yi ta juyawa tana tada jar ƙura amma ko taƙi ɗaya ba ta shiga ba. A nan na fara gane wani abu game da tarakta da duk zamana da ita ban lura ba, hannuwan nan na baya ɗagawa kawai suke yi da haidurolik, ba sa dannawa ƙasa, in ka sauke liba nauyin abin da ka ɗaura ne ke saukar da shi. Wani Bature Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro tsarin, ya yi masa rajista a Birtaniya a 1926, kuma garma ce a ransa, ita ko garma da kanta take nutsewa in ana janta. Barima ba janta ake yi ba, in tsininta bai kama ƙasa ba babu mai tura ta.

Muna cikin haka sai ɗaya daga cikin leburorinmu, saurayi mai ƙarfi, ya ɗare ya rungume wuyan ƙarfen nan wai ya ƙara masa nauyi, barima na juyawa a gefen ƙafarsa, shaf na juyawa dab da cikinsa, ga shi da doguwar riga iska na kaɗa ta. Ban taɓa ganin Baba ya yi sauri irin na ranar ba, ya take kuloci har ƙasa ya cire fitiyo ya kashe mota ya diro, jikinsa har rawa yake. Ya ce, "Kai ɗan nan, uwarka ta san nan ka zo? In abin nan ya kama rigarka kafin in ɗaga ƙafata ya gama naɗe ka." Ba zuzutawa ya yi ba. Cikakken gudun fitiyo juyi 540 ne a minti ɗaya, wato 9 a daƙiƙa ɗaya, ko an rage totur ba gudun da hannun mutum zai riga ba ne. Daga ranar ya kafa doka, mota na kunne babu mai tsayawa bayanta, ba babbar riga ba rawani ba hirami, yara kuma a kora su can gindin bishiya, sannan robar da ke rufe shaf in ta fashe ba aiki sai an gyara. Ni da na ji haushin yadda ya yi wa yaron ihu a gaban mutane, daga baya na ga hotunan abin da shaf ke yi wa mutum, ban iya cin abinci ba a daren.

Maganin fakon ashe ba nauyi ba ne. Da yamma muke bi da dagi muna ɗan sassaƙa gurbi a kowace alama, a zuba ruwa kamar bokiti ɗaya a bar shi ya kwana, da safe sai ka ga barima ta samu abin kamawa. Sannan Baba ya duba haƙoran ya ga sun dakushe sun yi santsi, aka canja. Inda marmara ta yi tauri sosai kuwa ba mu yi gardama da ita ba, diga da dagi aka sa. Da za a tambaye ni yanzu, aikin nan a ƙarshen damina ya kamata a yi shi ko bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, mu da muka yi a tsakiyar rani man da muka ƙona da ruwan da muka ɗebo sun isa wani aikin.

Sai kuma abin da na yi da hannuna, wanda shi ne ya fi zauna min. An yi wa Baba rasuwa ya tafi gida kwana uku, aka bar min mota tunda na fara iyawa. Akwai wani ɗan noti a wajen da shaf ke haɗuwa da akwatin giya, da barima ta ci karo da dutse sai ka ji ƙas ya karye, shaf na juyawa barima ta tsaya cak, sai ka kashe mota ka sauko ka fitar da guntun da ƙusa da guduma ka sa wani. A safiya ɗaya sau uku ya karye min, rana na duka, Alhaji na kira a waya yana tambayar ina aka tsaya. Na duba kan notin na ga an buga 4.6, lambar da ke nuna ƙarfin noti, na tuna a akwatin kaya akwai wani baƙi mai 10.9 wanda na san ƙarfen gaske ne, na ɗauko na ɗaura, a zuciyata gyara na yi. Rami kamar ashirin na haƙa lafiya lau ina jin daɗi har na ƙara totur.

A layin yamma akwai inda aka taɓa sare wata tsohuwar ɗorawa, kututturen ya ɓace amma saiwa na nan a ƙasa. Barima ta kama saiwar ta fara shiga kamar sukuru a katako, ba ta fitar da ƙasa, jan kanta kawai take yi, na ja liba ta ƙi ɗagowa, bayan mota ya durƙusa gabanta ya yi sama-sama, kafin in kai ga kuloci na ji wata ƙara da har yau nake ji a kunnena. Gwiwar shaf ta tarwatse, wani guntun ƙarfe ya tashi ya faɗi can cikin kara, shaf ɗin kansa ya murɗe kamar an matse wanki. Allah ya sa dokar Baba na aiki babu kowa a wajen. Kuma fitiyo ba shi da ribas, ba yadda za ka ce barima ta juyo baya ta fito, sai da muka kwance ta daga akwatin muka samo babbar sifanar masu aikin famfo muka zura mata dogon bututu, mutum uku suna juyawa baya kaɗan-kaɗan wasu na tone gefe da dagi, tun hantsi har la'asar sakaliya.

Da Baba ya dawo bai yi faɗa ba. Ya sa na kwance notin da na sa, ya juya shi a tafin hannunsa, ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, wancan da kake ganin rago ne, don ya karye aka yi shi. Shi ne ke mutuwa a madadin giya." Na ce, "Baba ban sani ba." Ya ce ai shi ma laifinsa ne da ya koya min yadda ake canja shi bai faɗa min dalilin laushinsa ba. Sai da aka je Panteka a Kaduna neman shaf, aiki ya tsaya sati guda, kuɗin da aka kashe zai sayi irin wancan ɗan notin cike da buhu. Bayan nan ne ya zauna ya koya min haƙa yadda ya kamata, mota a silo, ka sauke barima ta ci kamar taƙi ɗaya ka ɗago ta watsar da ƙasa ka sake saukewa, kada ka taɓa bari ta nutse gaba ɗaya a tashi guda. Kuma da yake hannuwan mota ba a miƙe suke sauka ba, lanƙwasa suke yi, sai kana ɗan gusa motar kaɗan in ba haka ba ramin ya karkace turke ya tsaya a gicciye.

Na mangwaron kuma sai bayan shekara muka ga namu kuskuren. Mita 10 muka bari tsakanin bishiya da bishiya, 100 kenan a hekta, ramuka sun yi kyau abin sha'awa. Amma na wajen laka da yawa suka ƙi girma, ganye ya yi rawaya. Na tone ɗaya in gani, sai ga saiwar ta nannaɗe tana zagaye ramin kamar an dasa ta a cikin tukunya, bangon ramin kuwa sumul har sheƙi yake, barima ta shafe shi kamar yadda magina ke shafe tulu, saiwa ta kasa huda shi ruwa ma ya kasa tsiyayewa. Yanzu duk ramin bishiya sai an bi bangonsa da dagi an farfasa, a faɗaɗa baki, a cuɗa ƙasar sama da taki a mayar. Inji ya rage wahala amma leburorin nan da suka ji tsoron zai cinye musu aiki har yau suna nan, su ke farfasa bango, su ke kafa turke su daddaɓe, su ke shafa wa gindin itace baƙin mai saboda gara, su ke jan waya.

Wani abu da ba na wasa da shi kuma, ba na haƙa ramin da ba za a cike shi a ranar ba. Mun taɓa barin layi guda a buɗe ya kwana, da safe muka tarar da ɗan maraƙin maƙwabta ƙafa a ciki ta karye, shingen da aka yi don a kashe rigima ya kusa jawo wata, sai da Alhaji ya biya aka yi sulhu a gaban mai unguwa. Kuma kafin in sauke barima a kowace gona sai na tambayi ta ina bututun burtsatse ya bi, ta ina aka binne wayar wuta, ina aka taɓa sare bishiya.

Baba ya daina hawa mota saboda ciwon baya, ni ke tuƙi yanzu, nima an ba ni yaro. Ranar da ya fara na buɗe akwatin kaya na nuna masa gwangwanin madara cike da notin nan mai 4.6, na ɗauko murɗaɗɗen shaf ɗin da na ƙi yarda a sayar wa 'yan gwangwan na ajiye a gabansa, na ce ya zauna in ba shi labari kafin ya taɓa makulli.